Yadda ake zaɓen gaskit da abin liƙi marasa cutarwa ga tukunyar tururi ta gida

Duk wanda ya taɓa haɗa tukunyar tururi da hannunsa, ko don tace ruwa ko don fitar da man ƙamshi daga ganye da fure, ya san cewa samun tukunya da bututu ba shi ne jan aikin ba. Jan aikin yana wurin mahaɗa: inda murfi ya hau bakin tukunya, inda bututu ya shiga murfi, inda ma'aunin zafi ya ratsa ƙarfe. Nan tururi ke neman hanyar gudu, nan kuma mai aiki ke miƙa hannu ya ɗauko duk abin da ya fi kusa, ko guntun tiyub ɗin taya ko gam ɗin da ya rage daga gyaran banɗaki, ya cusa. Yoyo ya tsaya, sai ya ɗauka an gama. Abin da bai gani ba shi ne abin da tururin ya gutsuro daga jikin robar ya kai masa cikin kwalba.

Tururi mai zafi yana narkar da abu. Wannan shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, itanol, wato sinadarin barasa, kuma a wajen digiri 78, kuma a wannan zafin suna iya jawo abubuwan da aka cuɗa a cikin roba lokacin sarrafa ta: man da ke tausasa ta, ƙibiritun da aka dafa ta da shi, rini, da sauran tarkacen masana'anta. Man ƙamshi ma ba ya raga wa roba. Man ɓawon lemo, alal misali, yana kumbura roba iri-iri har ta yi laushi kamar soso. Saboda haka abin da za ka tambaya game da kowace gaskit, wato zoben da ake sawa a mahaɗa don ya toshe ta, ba "tana hana yoyo?" kaɗai ba ne. Har da "me za ta zuba mini a ciki?"

Gargaɗi guda kafin mu shiga aiki: tace barasa a gida yana buƙatar lasisi a yawancin ƙasashe, wasu kuma sun hana shi ɗungurungum. Ina ambaton itanol a nan ne saboda shi ne ma'auni mafi tsanani. 

Mataki na farko: zana na'urarka ka raba ta yanki-yanki

Ɗauki takarda ka zana na'urar tun daga gindin tukunya har bakin da ruwa ke ɗiga, ka sa alama a kowace mahaɗa. Sannan ka duba kowace alama ka ga me ke taɓa ta.

Akwai mahaɗar da ruwan cikin tukunya ke taɓawa, kamar famfon zubar da saura ko ramin da hita ta shiga. Akwai wadda tururi ke bi ta kanta, tun daga murfi har mashigar bututun sanyayawa. Akwai wadda ruwan da aka tace ke bi bayan ya huce. Sai kuma ta waje, wato tiyon da ke kawo ruwan sanyi yana fitar da shi, wanda ba ya haɗuwa da abin da kake tacewa ko kaɗan.

Wannan ta ƙarshe ba ta da matsala. Sa mata tiyon ban ruwa, sa mata kowace irin wosha, babu ruwan kwalbarka. Ta cikin tukunya tana da ɗan sassauci, domin yawancin abubuwa masu nauyi da suka narke a ruwan tukunya a nan suke zama, ba sa tashi da tururi. Amma hanyar tururi da hanyar ruwan da ya huce, nan ne ba a wasa. Duk abin da ya narke bayan tururi ya bar tukunya ba shi da sauran wurin zuwa sai kwalba. Mutane da yawa suna kula da murfi su manta da wutsiya, su laƙa guntun tiyo mai sheƙi a bakin bututu don ya kai ruwa cikin kwalba. Wannan tiyon galibi na filastik ɗin da ake kira PVC ne, an tausasa shi da sinadaran fitalet, waɗanda itanol da mai ke wanke su cikin sauƙi. Idan ka ga tiyo ya yi fari-fari ya sandare bayan amfani kaɗan, to abin da ke sa shi laushi ya fita, kuma ka san inda ya tafi.

Da ka gama zanen, ƙirga alamomin ka ga nawa za ka iya kawarwa. Mahaɗar da ba ka buƙatar kwancewa, liƙe ta da ƙarfe a wuce wurin. Na'ura mai gaskit biyu ta fi mai bakwai saukin kulawa nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: mahaɗun dindindin, da maganar dalma

Jikin na'ura ya kasance jan ƙarfe, ko ƙarfe mara tsatsa irin lamba 304 ko 316, ko gilashin ɗakin gwaji. Wajen haɗa jan ƙarfe da jan ƙarfe, ƙarfen liƙin da za ka narka dole ya zama mara dalma. Wanda masu gyaran rediyo da talabijin suka saba da shi, mai lamba 60/40, kashi 40 cikin 100 nasa dalma ce. Yana da daɗin aiki domin yana narkewa tun a wajen digiri 183 zuwa 190, amma ba shi da wuri a nan. Nemi na aikin famfon ruwan sha: kuza da ɗan jan ƙarfe, ko kuza da ɗan azurfa, waɗanda ke narkewa daga wajen digiri 221 zuwa sama. Amurka ta hana amfani da mai dalma a bututun ruwan sha tun 1986, kuma a dokarsu sai dalmar ba ta wuce kashi 0.2 cikin 100 ba ake kiran ƙarfen liƙi mara dalma. Karanta jikin naɗin da idonka. In babu rubutun abin da ke ciki, ajiye shi.

Idan sandar azurfa mai babban zafi za ka yi aiki da ita, tabbatar an rubuta cewa babu kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a ciki, domin tsofaffin sanduna da yawa suna da shi, kuma hayaƙinsa ma guba ne ga mai liƙin. Man da ake shafawa kafin liƙi, zaɓi wanda ruwa ke wankewa, ka wanke shi tas daga ciki bayan an gama.

Mahaɗun tagulla masu launin rawaya, irin na kayan famfo, su ma a yi hattara. Tagullar da aka yi don sauƙin yanka a inji tana ɗauke da dalma har wajen kashi 3 cikin 100. Akwai masu jiƙa ta na 'yan mintuna a cikin ruwan khal kashi biyu da haidirojin ferokzaid kashi ɗaya don su cire dalmar da ke saman fata, kuma hakan yana rage ta, amma saman kaɗai yake wankewa. Ni dai ra'ayina, a hanyar tururi a rabu da tagulla kawai, a sa jan ƙarfe ko mara tsatsa. Haka bututu mai rufin tutiya, haka lagireton mota. An sha samun mutanen da dalma ta yi wa illa a Amurka saboda shan abin da aka tace da tsohon lagireto, domin da dalma ake liƙe shi, ga kuma ragowar ruwan hana daskarewa a cikinsa.

Gam mai kwalba biyu da ake cuɗawa, wanda ake cewa yana kama ƙarfe kamar walda, ba na wannan aiki ba ne. Zafi da tururi suna tausasa shi a hankali.

Mataki na uku: sanin robobi da sunayensu

Kalmar "roba" ta haɗa abubuwa da yawa da ba su da dangantaka sai kamannin ido. Kowace tana da abin da take jurewa da abin da ke kashe ta, kuma duka baƙar wosha ce idan ka kalle su a tafin hannu.

Naitiril, wadda ake rubuta wa NBR ko Buna-N, ita ce ta mafi yawan zoben roba na injuna. Tana jure mai, amma ƙarfinta yana ƙarewa a wajen digiri 100 zuwa 120, tururi kuma yana tsufar da ita da wuri har ta taurare ta tsage. EPDM akasinta ce: tana son ruwan zafi da tururi har wajen digiri 150, tana jure itanol, amma mai yana kumbura ta. Don tace ruwa zalla, EPDM mai shaidar abinci ba laifi. Don man ƙamshi, a'a. FKM, wadda aka fi sani da sunan Viton, tana jure mai da zafi har digiri 200, sai dai irin da aka fi samu ba ya daɗewa a tururin ruwa, kuma metanol da asiton suna lalata shi. Tiyub ɗin taya da tabarmar roba da tafin takalmi kuwa ba su shiga lissafi ba ma, an yi su ne ba tare da tunanin za su taɓa abin da mutum zai sha ko ya shafa ba.

Silikon ne ake yawan gardama a kansa. Yana jure zafi fiye da digiri 200, yana da laushi, yana rufe mahaɗar da ba ta daidaita ba sosai, shi ya sa ake son sa. Don tururin ruwa yana da kyau, musamman wanda aka dafa da filatinam, domin shi ba ya barin ragowar sinadari kamar wanda aka dafa da ferokzaid. Amma silikon yana shan abu. Yana tsotse man ƙamshi ya kumbura, ya riƙe ƙamshin ya zuba shi a aiki na gaba. Ka tace na'a-na'a yau, ka ji ta a cikin ruwan wardi na jibi. A tururin itanol mai ƙarfi ma, masu wannan aiki da yawa ba sa yarda da shi. Ni nakan bar shi a na'urar tace ruwa, in cire shi daga sauran.

Kada kuma a haɗa zoben silikon da gam ɗin silikon na bututu da ake matsawa. Na banɗaki da madafa ana zuba masa maganin kashe funfuna da gangan. Wasu suna fitar da tsamin khal yayin bushewa, wasu suna fitar da wani sinadarin daban, da yawa kuma ana busar da su ne da mahaɗin kuza. Jan gam ɗin gaskit na injin mota ma haka: rubutun da ke jikinsa na jure zafi gaskiya ne, amma maganar injin yake yi.

To, rubutun "ya dace da abinci" fa? Yana da amfani, amma ka san iyakarsa. Alamar kofi da cokali mai yatsu, ko lambar dokar Tarayyar Turai 1935/2004, ko ta hukumar abinci da magunguna ta Amurka mai lamba 21 CFR 177.2600 wadda ta shafi kayan roba, ko shaidar hukumar gwajin kaya ta NSF mai lamba 51 da 61, duk suna nuna an yi abin ne don ya taɓa abinci ko ruwan sha a wasu sharuɗɗa. Robar da ta dace da madara mai sanyi ba lallai ta dace da tururin man kanumfari na awa huɗu ba. Shaidar abinci sharaɗi ne na farko. Na biyu shi ne ka duba jadawalin juriya na masana'antar, ka nemo sinadarin da kake aiki da shi da zafin da zai kai.

Mataki na huɗu: PTFE, da yadda ake sarrafa shi

Idan kana son abu guda da zai raba ka da duk wannan lissafi, shi ne PTFE, wanda aka fi sani da Teflon. Wani masanin sinadarai mai suna Roy Plunkett ne ya ci karo da shi a 1938 yana aiki da kamfanin DuPont. Sai a digiri 327 yake narkewa, ana aiki da shi har digiri 260 ba tare da ya lalace ba, kuma ruwa da itanol da man ƙamshi duk ba sa yi masa komai. Ba a zuba masa man tausasawa, don haka babu abin da tururi zai wanko.

Aibinsa guda ne: ba ya dawowa. Roba idan ka matse ta tana turowa, shi kuwa PTFE yana baje ne a hankali ya zauna a haka. Saboda haka yana buƙatar fuskoki biyu masu santsi da suka daidaita, kuma bayan ɗumi na farko sai ka sake ɗaure mahaɗar. Idan kana amfani da mahaɗar tirai-kilam, wato baki biyu masu faɗi da maɗauri mai fukafuki, gaskit ɗinta ta PTFE ana samun ta daidai da girman baki, inci 1.5, inci 2, inci 4 da sauransu. Akwai kuma wadda aka yi wa riga: cikinta roba mai turowa, wajenta PTFE. Wannan ta haɗa amfanin biyun, muddin rigar ba ta yage ba.

Farin tef ɗin masu aikin famfo shi ma PTFE ne, kuma da shi ake rufe mahaɗa mai tiredi, wato wadda ake murɗawa ta ɗauru kamar noti. Riƙe namijin bakin yana kallonka, ka naɗa tef ɗin ta hannun agogo, domin idan ka ɗaura ya ƙara matsewa maimakon ya warware. Fara daga tiredi na biyu don kada guntu ya leƙo cikin bututu. Zagaye uku zuwa biyar ya isa, siririn tef yakan nemi ƙari. Zaɓi fari mara ƙari. Mai launin toka an cuɗa shi da nikel, man tiredi na gwangwani kuwa, ko da an rubuta yana da PTFE, sauransa mai ne da sinadarai. Ka lura kuma da irin tiredin: mai tsukewa zuwa baki shi ne tef ke rufewa, miƙaƙƙe kuwa da wosha yake rufuwa, ko ka naɗa masa tef rabin naɗi zai ci gaba da tsiyaya.

Ga wata dabara da ta daɗe a hannun masu wannan aiki, don bakin da ba a samun gaskit daidai da shi. Nemo kwali mai ƙarfi mara rubutu, mara sheƙi, mara gam. Kifa bakin mahaɗar a kai ka zana da'irar waje da ta ciki, ka yanke zobe. Sai ka bi zoben da tef ɗin PTFE, kana shiga ta rami kana fitowa, kowane naɗi yana rufe rabin na bayansa. Zagaya shi kaf sau uku ko huɗu har kwalin ya ɓace gaba ɗaya, ka danne ƙarshen tef ɗin da yatsa. Kwalin yana ba da laushin da PTFE ba shi da shi, tef ɗin kuma yana hana tururi taɓa kwalin. Idan ka ga wani wuri ya fara nuna launin kwali ko zoben ya kumbura, ruwa ya shiga, sai ka yi sabo.

Mataki na biyar: kwaɓin fulawa

Wannan shi ne mafi tsufa, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi dacewa da murfin tukunya ba. Tun kafin a san roba, masu tace ruwan fure da tukunyar jan ƙarfe da ƙullu ko yumɓu suke liƙe mahaɗa. A garin Kannauj na Indiya, inda ake yin turaren attar, har yanzu da yumɓu da auduga ake rufe murfin tukunya.

Zuba fulawar alkama zalla a kwano, ka riƙa ɗiga ruwa kana murzawa har ta yi tauri yadda za ta mulmulu ba ta kama hannu ba. Garin hatsin rai ya fi danƙo idan akwai shi. Kada ka sa mai, kada ka sa yis. Murza kwaɓin ya zama igiya mai kaurin yatsa. Ɗora murfi, kunna wuta, ka jira ƙarfen ya yi ɗumi, ba zafin ƙona hannu ba, sannan ka zagaye mahaɗar da igiyar kana danna ta cikin tsagin da babban yatsa. Ɗumin ƙarfen zai gasa ta ta kame kafin tururi ya taso. Idan ka liƙa a ƙarfe mai sanyi takan zame, idan ka jira har tururi ya fara fita kuma zai huda ta kafin ta bushe.

Inda tsagin ya ɗan yi faɗi, sassauta kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, ka tsoma tsummar auduga fara mara rini mai faɗin santimita 3 zuwa 5, ka naɗe mahaɗar da ita kamar bandeji. Amma fulawa ba ta cike rami. In tazarar ta wuce milimita 2 ko 3, gyara ƙarfen tukuna da guduma ko zarto. Ka ajiye ɗan kwaɓi a gefe a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, don toshe ƙaramin yoyo idan ya ɓullo ana cikin aiki. Da an gama, ɓamɓare shi tun tukunya na da ɗumi. In ka bari ya kwana, sai ka jiƙa shi da ruwa kafin ya saki, kuma kada ka kankare jan ƙarfe da wuƙa.

Abin da ya sa nake fifita shi a murfi bai tsaya ga tsabtarsa ba. Rauninsa ma amfani ne. Idan bututu ya toshe, misali ganye ya taso ya cushe hanya, kwaɓin ne zai fara tsagewa ya saki tururi kafin ƙarfe ya kai ga fashewa. Tukunyar tururi ba a taɓa rufe ta ruf. Dole bakin fita ya kasance a buɗe ga iska koyaushe, kuma ba a sa famfon da zai iya kulle hanyar tururi gaba ɗaya. Masu mayar da tukunyar girki mai matsi zuwa wannan aiki, kada su toshe ramin kariyarta, su kuma binciki zoben murfinta, domin wani silikon ne wani naitiril.

Ramin ma'aunin zafi, toshiyar kwak ta asali tana yi, wato wadda aka yanko guda daga ɓawon itace. Wadda ka ga kamar an tara ɓarɓashi an manne, da gam aka haɗa ta. Shimfiɗar kwak ta gaskit ɗin mota ma da roba aka cuɗa ta. Tsofaffin faifan gaskit masu kama da kwali mai toka kuwa, wasunsu asbestos ne, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu, kada ma ka yanka su. Idan na'urarka ta gilashi ce mai baki gogagge, sa mata siririyar rigar PTFE a maimakon girisi.

Mataki na shida: gwada abin da ka samo

Ba kowane farin zobe ne PTFE ba. Jefa shi a kofin ruwa. PTFE ya fi ruwa nauyi fiye da ninki biyu, zai nutse nan take, farin filastik irin na foliyetilin ko folifirofilin kuwa zai taso. Nutsewa ba ta isa hujja ita kaɗai ba, domin nailan ma yana nutsewa, amma a hannu za ka ji bambanci: PTFE yana da nauyi, yana da santsi kamar kakin zuma, farce yana iya barin sawu a jikinsa.

Don gano PVC, ƙona bakin wayar jan ƙarfe a shuɗiyar wutar gas har ta daina canza launin harshen wutar, ka dangwala ta a jikin robar, ka mayar cikin wuta. Idan harshen ya koma kore, akwai kulorin a ciki, ka jefar. Yi wannan a fili, kuma kada ka gwada PTFE ko Viton da wuta ko da wasa, hayaƙinsu yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na jiƙo. Yanko guntu, auna tsawonsa da kaurinsa, ka ajiye wani guntun a bushe don kwatance. Saka na farko a kwalbar gilashi, ka zuba masa ainihin abin da zai haɗu da shi, man ƙamshin ko sifirit, ka rufe na mako guda a wuri mai ɗumi nesa da wuta. Bayan mako, duba ko ya kumbura, ko ya yi danƙo, ko ya taurare, ko ruwan ya sauya launi ko wari. Ɗiga kaɗan daga sifirit ɗin a kan gilashi mai tsabta ka bar shi ya bushe kusa da ɗigon wanda ba a jiƙa komai a ciki ba. Idan na jiƙon ya bar maiƙo, ya faɗi. Sai dai ka riƙe wannan: gwajin gida yana kama mai laifi ne, ba ya wanke wanda ya tsallake. Akwai abubuwan da ke narkewa ba launi ba wari. Shi ya sa sanin sunan abu daga masana'anta ya fi kowane gwaji, abin da ba shi da suna kuma, ko kyauta aka ba ka, arha ba ta ado.

Mataki na bakwai: wanki da neman yoyo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka zuba abin da kake ji da shi, wanke kowane sashe da ruwan zafi da sabulu ka ɗauraye. Haɗa na'urar, ka hura iska ta bakin fita kafin ka rufe murfi, ka tabbatar tana ratsawa ba tare da turjiya ba. Ɗaure kusoshi a gicciye, wannan sannan na ɗaya gefen da ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan, don gaskit ta kwanta daidai.

Zuba ruwa da khal rabi da rabi, ka tafasa ba tare da ka buɗe ruwan sanyi ba, tururi ya riƙa fita ta baki na minti 20 zuwa 30. Yi wannan a waje ko inda iska ke ratsawa, don tururin khal yana yaji a ido. Shi zai wanke ragowar man liƙi da dattin masana'anta. A lokacin ne kuma za ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da madubi mai sanyi. Inda ya yi hazo, akwai yoyo. Kada ka nemi yoyo da tafin hannu, tururin da ke fita daga ƙaramin tsagi ba a ganinsa amma yana sale fata. Kada kuma ka neme shi da ashana ko kyandir. Tururin itanol yana kamawa da wuta tun yana kashi 3.3 cikin 100 na iska, ya fi iska nauyi, yana gangarowa ƙasa ne inda murhu yake.

Kashe wuta, bari ya huce, ka sake ɗaure duk mahaɗun PTFE, za ka tarar sun ɗan saki. Sannan ka sake zagaye na biyu da ruwa zalla, wannan karon da ruwan sanyi a buɗe, ka tara abin da ya fito a gilashi ka zubar bayan ka duba shi. Ya kamata ya fito garau, ba maiƙo a sama, ba warin roba. Idan ka ji wari, kwance na'urar ka sunsuna gaskit ɗin ɗaya-ɗaya, mai laifin ba ta ɓuya.

Bayan kowane aiki, cire gaskit ka wanke ka shanya, kada ka bar ta a matse cikin mahaɗa har zuwa wani lokaci. Zoben PTFE da ya baje har ya leƙo cikin bututu, ko ya yi tsagi, a sauya shi. Tef ɗin tiredi sabo ake sawa duk lokacin da aka kwance, bayan an tsince tsohon daga cikin tiredi da tsinke. Idan kana tace abubuwa masu ƙamshi daban-daban, ware wa kowanne nasa zobba, ka ajiye su a kwalba mai murfi da sunan a jiki.